Ganuwa da Karofi: Gadon Rano Ba Zai Jira Takarda Ba

A labarin Hausa Bakwai, kowace ƙasa da abin da aka san ta da shi. Gobir ta yi suna a yaƙi, Katsina da Daura a kasuwa, Kano da Rano kuwa su ne sarakunan baba, wato masu noman shuni da rini. Har yau ana yi wa Sarkin Rano kirari da Autan Bawo. Amma idan aka zo maganar kare kayan tarihi, hankali ba ya wuce birnin Kano. A 2007 Najeriya ta sa ganuwar Kano da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa a jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, har yanzu kuma suna layin jira. Wurare biyu kaɗai ƙasar ta samu a babban jerin: Sukur a Adamawa a 1999, da kurmin Osun-Osogbo a 2005. Ra'ayina shi ne, gadon Kano bai cika ba sai da na ƙasar Rano da Kibiya, kuma hannun mutanen wurin ne zai tsare shi, tun kafin wata takarda ta iso daga UNESCO.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da rinannen tufafi ne ginshiƙin arzikinta, ana kai su Agadas da Timbuktu har Turabulus. Kurmi ce ke sayarwa, amma yawancin aikin a garuruwan kudu ake yin sa, irin su Kura da Bunkure da Rano. Manomi ya yanke baba, a daka shi a dunƙule a shanya. Marini ya zuba shi a karofi mai zurfi tare da toka da ruwa, ya bar shi kwanaki yana motsawa da doguwar sanda har kumfa ta taso. Ya tsoma zane ya ɗago shi kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsa. Daga nan sai mabuga, inda ake dukansa a kan gungume har ya yi ƙyalli. Ko gurɓin da ya kwanta a gindin karofi ba a zubar da shi: shi ne katsi, ana ƙona shi a haɗa laso, lason kuma a shafe sabon karofi da rufin soro. Sana'a ɗaya tana ciyar da wata. Ganuwa ce ta kewaye duk wannan, musamman a ƙarni na 19 da Ningawa suka riƙa kai hari kudancin Kano, sai garin da ke da ganuwa mai ƙofa da ake rufewa ya zama mafakar masaƙa da marina da manoma.

Ganuwar ƙasa ba gini ba ne da ake gamawa a huta. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani kuma dole jama'a su fito da tubali da yaɓe su mayar. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, hare-hare suka kau, dalilin wannan gayya ya kau da su. Sannan yadin kanti da rinin bature suka karya kasuwar baba. Abin da ya biyo baya rushewa ce a hankali: wannan ya ɗebi ƙasar ganuwa ya yi bulo, wancan ya yanka fuloti a kanta, karofin da aka bari ya zama bola har ya cike. A birni ma an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da sabon gini. Da masu ɗauke da makamai suka farfasa hubbarorin Timbuktu a 2012, duniya ta girgiza, har kotun duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 a 2016. Ɓarnar da ake yi da shebur da baro ba ta da kotu, alhali ita ce ta fi cin gadonmu.

Wani zai ce mutanen da ke fama da tsadar taki da rashin muhalli, ina ruwansu da tudun ƙasa? Maganar tana da nauyi, domin gari na ƙaruwa kuma kowa na bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Sai dai faɗin ganuwa da na marina bai kai ya warware matsalar filaye ba. Za a iya yanka fuloti a bayan gari, amma ba za a iya sake haƙa karofin da kakanni suka shafe da laso ba. Wani kuma zai tuna cewa ba duk wanda ya ɗauki tubalin ganuwa ne ya ɗauka da son ransa ba, akwai bayi da talakawan da aka tilasta. Gaskiya ne, kuma wannan ƙarin dalili ne na kiyaye ta. Sarakuna suna da sunayensu a littattafan tarihi, waɗancan bayin Allah kuwa ba su bar wata shaida ba sai ƙasar da suka cuɗa.

Akwai kuma masu ganin cewa da zarar an shiga jerin UNESCO, shi ke nan an tsira. Yarjejeniyar 1972 ta ɗora nauyin kulawa ne a kan ƙasar da gadon yake, hukumar ba ta aiko magina. Garin Janne na Mali ya shiga jerin a 1988, duk da haka a 2016 aka sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari. Abin da ya riƙe babban masallacinsa shi ne fitowar mutanen gari kowace shekara su yi masa yaɓe. Haka hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye kafin a amince da tsohon garin a 2013. Hawan sallar Kano ma ya samu shiga jerin al'adun duniya a 2024 ne saboda al'adar tana nan a raye. Takarda tana bin abin da aka raya ne, ba ta tayar da abin da aka bari ya mutu.

Saboda haka aikin na gida ne. Masarautar Rano, wadda tun 2024 ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane kufai da kowace tsohuwar marina. Su ne za su fara nuna wuraren, masana daga Jami'ar Bayero da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, su auna su zana taswira, a kuma naɗi bayanin tsofaffin marina da magina tun suna raye. Ƙananan hukumomi su hana ɗibar ƙasa da yanka fili a abin da ya rage. Sama da duka, a raya ko da marina ɗaya ce, da baba na gaske da yara masu koyo, yadda marinar Ƙofar Mata ta ɗore a birni. Ranar da baƙo ya tambayi dalilin da ya sa ake kiran Rano sarkin baba, ya kamata a samu marini mai shuɗin hannu da zai kai shi bakin karofi ya nuna masa.