Gubar dalma ta 2010: yadda aka bi sawun guba har cikin tuwo

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Tun da aka ba da rahoton sake ɓullar gubar dalma a ƙaramar hukumar Bungudu a watan Afrilun 2025, magana iri biyu na fi ji a bakin mutanenmu na Mada. Wasu su ce a rufe ramukan zinari kowa ya huta, wasu su ce a kawo magani a raba wa yara. Ni dai ina ganin kafin mu ci gaba da gardama, ya kamata mu waiwayi abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, domin an riga an yi irin wannan gardamar a can, kuma awo da lissafi ne suka raba ta.

A farkon shekarar agwagi ne suka fara mutuwa a ƙauyuka, ba wanda ya kula. Sai yara ƙanana suka biyo baya: amai, ciwon ciki, jijjiga, sai mutuwa. Aka yi zaton sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magani bai yi aiki ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, aka ɗebi jini aka kai waje aka auna, sai ga dalma. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu, ta tarar a cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar yaran da aka rasa an ƙiyasta ta kai 400 ko fiye. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zinari ya yi tsada a kasuwar duniya, dutsen da ake haƙowa a yankin kuwa wani yana ɗauke da dalma har kashi 10 cikin 100. Ana kawo shi gida a buhuna, a fasa, a niƙa da injin niƙa irin na hatsi, mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

To a nan aikin ya yi wuya. Kuɗi kaɗan ne, damina ta kawo kai, hanyoyi za su yanke, ƙauyukan kuma da yawa. Da me za a fara? A hana shan ruwan rijiya? A hana cin abin da aka noma a gonakin wurin? A yanka dabbobi? A ba da magani? Kowace shawara akwai mai goyon bayanta, kuma kowace akwai asarar da za ta jawo wa talaka.

Cikin waɗanda suka zo akwai injiniyoyin TerraGraphics daga jihar Aidaho ta Amurka, tare da Blacksmith Institute. Mutanen Aidaho sun daɗe suna fama da irin wannan a Bunker Hill, inda masana'antar narka dalma ta gurɓata garuruwa. A irin wannan aiki ana amfani da wani tsarin lissafi na kwamfuta. Za ka ba shi shekarun yaro, da yawan dalmar da ke cikin ƙasa, da ƙura, da ruwa, da abinci, da yawan abin da yaron ke haɗiya daga kowanne a rana, shi kuma ya ƙiyasta maka yawan dalmar da za ta taru a jininsa. Amfaninsa shi ne kana iya rage lamba ɗaya ka ga nawa jinin zai sauka. Idan na gyara ruwa kaɗai, me zan samu? Idan na kwashe ƙasar tsakar gida fa? Ta haka za ka san inda Naira ɗaya za ta fi ceton rai kafin ka kashe ta.

Awon ya nuna babbar ƙofar gubar ita ce ƙasa da ƙurar cikin gida, wadda yaro ke kaiwa baki da hannunsa ko ya shaƙa. Don haka aka tsara aiki bi da bi. Sarakuna suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Aka riƙa bin gidaje da na'urar awo ta hannu: inda dalma ta haura miligiram 1,000 a kilo ɗaya na ƙasa a kankare a kwashe a binne nesa, inda take tsakanin 400 da 1,000 a rufe da ƙasa mai kyau. Magani kuma aka ware shi ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon jininsu ya kai 45.

Hukuncin da ya fi ɗaci shi ne na MSF, cewa ba za ta buɗe wa ƙauye shirin magani ba sai an tsabtace shi. Wallahi da jin farko mutum zai ce rashin tausayi ne. Amma maganin yana fitar da dalma ne daga jiki, idan yaro ya koma gidan da ya kwaso ta, ɗiban ruwa ne da kwando. Ni ina ganin sun yi daidai. An gama Dareta da 'Yargalma a 2010, aka bi da Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza zuwa 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ita aka bari tana jira da yara kusan 1,500 masu buƙatar magani, saboda Naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alƙawari ta maƙale a Abuja. Sai a farkon 2013 aka saki kuɗin aikin, bayan matsin lambar Human Rights Watch da matasan da suka yi gangamin ceto Bagega a intanet. An daɗe da sanin abin da ya kamata a yi a Bagega, sa hannu kawai ake jira.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na yi wannan rubutu, wato abinci. Masu binciken sun zauna sun tambayi me yaro ke ci a rana, suka auna hatsi mataki-mataki, kuma an buga sakamakon a 2018. Abin da suka gano shi ne mafi yawan dalmar da ke cikin abinci bayan girbi take shiga, wajen sussuka, shanya, surfe, niƙa da girki a gidan da ya gurɓata. Hatsin da aka girbe aka ajiye matsakaicin awonsa miligiram 0.32 ne a kilo, wanda aka sarrafa ya kai 0.85. Iyakar da hukumar Codex ta duniya ta amince da ita ga hatsi 0.2 ce. Kun ga tsakanin rumbu da tukunya gubar ta ninka fiye da sau biyu. Da suka saka waɗannan lambobi a lissafin, ya nuna hatsi zai iya ɗaukar kashi 11 zuwa 34 cikin 100 na dalmar da ke jinin yaran. Kuma cikin da babu komai a ciki, da jikin da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe, sun fi tsotse ta, shi ya sa ɗan talaka ya fi jin jiki.

Ku duba bambancin. Da an bi tsoro an ce gonakin ne suka lalace, da an hana mutane noma da sayar da gero da dawa, a ƙara musu yunwa a kan guba, alhali turmi da inji da tabarmar shanya ne masu laifin. Mu da muke da kasuwar da hatsi ke shigowa daga ƙauyuka ta kowace kusurwa, wannan ya shafe mu kai tsaye. Tambayar da ta dace a yi wa buhu ita ce a ina aka shanya shi, wane inji ya niƙa shi. Mai injin da ya taɓa niƙa dutse ya dawo yana niƙa gari, ko da ya wanke, ni ba zan kai masa niƙa ba.

Akwai kuma abin da kwashe ƙasa bai magance ba. Binciken ya nuna hatsin da ke cikin rumbuna ya ci gaba da ba yara guba bayan an tsabtace gidaje, har sai da aka cinye shi. Wannan ya tsaya mini a rai. Wa zai iya cewa magidanci ya zubar da abincin shekara ba tare da an ba shi madadinsa ba? Babu. Don haka idan hukumomi za su yi wani aiki a Bungudu, ina roƙon wakilanmu da masu unguwanni su tambaya tun farko ko an auna rumbuna da injinan niƙa, kuma ko an ware kuɗin musanya hatsin da aka samu da dalma a cikinsa.