Kaset ɗin da ya fi ƙarfin situdiyo

Yau za mu leƙa tarihin naɗar waƙa a gida, domin akwai darasi a ciki ga duk mai riƙe da alƙalami.

Kafin 1979, mawaƙin da ke son ɗora murya a kan kiɗa daki-daki sai ya biya situdiyo ko ya sayi manyan na'urori masu tsada. A shekarar ce kamfanin TEAC na Japan ya fito da Portastudio 144, 'yar na'urar da ke naɗar layuka huɗu na sauti a kaset irin wanda muka sani a rediyo. Mutum ɗaya zai rera, ya mayar da kaset baya, ya ɗora wani kiɗan a kai.

Ita ce mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya sa aka sayo masa a ƙarshen 1981. Dalilinsa shi ne yana ɓata lokaci da kuɗi a situdiyo yana gyaran waƙoƙin da ba su nuna ba. Sai ya tsara aikinsa: ya rubuta baitoci a littafinsa, ya zauna a ɗakin kwanansa a Colts Neck ta jihar New Jersey da makirfo biyu, ya naɗi murya da jita a layi biyu, ya bar sauran biyun don abin busa ko murya ta biyu. Mafi yawan aikin an yi shi ne ranar 3 ga Janairu, 1982. Da ya gama, ya aika wa manajansa Jon Landau kaset ɗin tare da bayani da hannunsa a kan waƙoƙin.

Niyyarsa gwaji ne kawai. A watan Afrilu ya shiga situdiyon Power Station a New York da makaɗansa na E Street Band don a sake naɗa da cikakken kiɗa. Wasu waƙoƙin sun karɓi kiɗan, har "Born in the U.S.A." da ta fito a 1984. Amma waɗanda ke ba da labarin masu laifi da talakawan da rayuwa ta matse, da aka cika musu ganguna sai kaɗaicin da ke cikinsu ya gudu. Duk wannan lokaci kaset ɗin na yawo a aljihunsa ba ko gida. Shi aka koma aka ɗauko, injiniyoyi suka sha wahala kafin su mayar da shi faifai. Ranar 30 ga Satumba, 1982, ya fito da sunan Nebraska, waƙoƙi 10, ya kai matsayi na 3 a jadawalin Billboard.

Mu da ke rubutu a waya, sau nawa muke goge zubin farko da zarar mun yi na biyu? Da kaset ɗin nan ya ɓace, babu abin da za a koma wa. Mu ajiye kowane zubi da kwanan watansa. Mu rubuta ɗan bayani a ƙarƙashinsa: me muka nufa, ina ya rage. Mu ware wanda bai dace da littafin yau ba, wataƙila na gobe ne. Idan mun gama kwalliya kuma, mu jera gyararren da na farko, mu karanta da babbar murya, mu ji wanne ke da rai.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.