Daga Jan Ƙarfe Zuwa Ruwan Sikari: Tarihin Allurar Furoloterafi

Duk wanda ciwon gwiwa ko na ƙugu ya daɗe yana cinsa ya san abin da aka saba yi masa a asibiti. A ba shi ƙwayar rage kumburi, in abin ya faskara a yi masa allurar da za ta kwantar da wurin. Amma akwai wasu likitoci da suka ɗauki akasin wannan hanya. Sai su ɗebi ruwan sikari mai kauri, su gauraya shi da maganin kashe zafi, su soka allura har tsininta ya taɓa ƙashi daidai inda jijiya ta manne, su zuba da gangan don wurin ya kumbura. Fatansu shi ne jiki ya ɗauki abin a matsayin sabon rauni, ya taso da gyara, jijiyar da ta saki ta ƙara kauri da ƙarfi. Wannan ita ce furoloterafi. Jijiyoyin da ake hari iri biyu ne, wato masu ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, da masu haɗa tsoka da ƙashi irin su agara. Duka biyun jini kaɗan ne ke ratsa su, shi ya sa targaɗe kan daɗe bai warke ba.

A shekarun 1950 aka raɗa mata suna, amma tunanin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A rubuce-rubucen da ake jinginawa ga Hifokiratis, likitan ƙasar Girka da ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai bayani kan masu kafaɗar da ke yawan gocewa, har ta raba su da kokawa da fagen yaƙi. Maganinsa shi ne a sa siririn ƙarfe a wuta har ya yi ja, a huda fatar hammata da shi, sannan a ɗaure hannun a jikin haƙarƙari dare da rana har ciwon ya warke. Tabon da ya fito zai tsuke wurin, kan ƙashin ya rasa inda zai zame. Har ya soki likitocin zamaninsa da ke ƙona saman kafaɗa, alhali ta ƙasa ƙashin ke fita. Wanda ya san sakiya da lalas a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Da sirinji ya bayyana a ƙarni na 19, sai sinadari ya maye gurbin wuta. Amma ba a kan gaɓoɓi aka fara ba, a kan ƙaba da gwaiwa ne. A shekarun 1830 Alfred Velpeau, babban likitan fiɗa a Faransa, ya gwada zuba aidin don bakin ramin ya manne. A Boston ta Amurka, George Heaton ya yi suna da ruwan ɓawon wani itacen oak. A lokacin fiɗa kasada ce da rai, don haka allurar ta samu kasuwa. Da Edoardo Bassini na Italiya ya fito da ingantacciyar hanyar ɗinke ƙaba a ƙarshen shekarun 1880, kasuwar ta ja baya, ko da yake ta sake ɗagowa a Amurka a shekarun 1920 da 1930. A daidai lokacin ne kuma ake amfani da wani sinadari da aka tato daga man hantar kifi don toshe jijiyoyin jinin ƙafa da suka kumbura suka murɗe. Kayan aiki sun riga sun taru, saura wanda zai karkatar da allurar zuwa gaɓa.

Mutum biyu suka yi haka a shekara guda, 1937. Na farko Louis Schultz ne na Jami'ar Illinois, wanda likitan haƙori ne kuma likitan fiɗa. Ya wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, yadda yake magance muƙamuƙi mai gocewa da ƙara, ta hanyar zuba wani sinadari na man ƙwayar tsiron siliyam, bayan ya gwada shi a kan dabbobi. Na biyu Earl Gedney ne na Filadelfiya. Labarin da mabiyansa ke bayarwa shi ne ƙofar ɗakin fiɗa ta datse masa babban yatsa, gaɓar ta saki har aikin hannu ya gagare shi, sai ya tuna da allurar masu gyaran ƙaba ya yi wa kansa, yatsan ya daidaita. Daga nan ya koma kan gwiwa da gaɓar da ke haɗa gindin ƙashin baya da kwatangwalo.

Sai dai wanda ya mayar da abin tsari mai ƙa'idoji shi ne George Hackett, likitan fiɗa a garin Canton na jihar Ohayo, wanda aka haifa a 1888. Aikinsa ya haɗa shi da mutanen da suka yi haɗari a masana'antu da kan hanya, waɗanda ƙashinsu ya warke, hoto bai nuna komai ba, amma suna ta kukan ciwon baya shekara da shekaru. Hackett ya yarda da kukansu, kuma wannan kaɗai abin yabo ne. Ya ce laifin na jijiyoyin ɗauri ne. In sun saki, nauyin jiki sai ya ja su fiye da kima, siraran jijiyoyin jin zafi da ke cikinsu kuma ba sa miƙewa, sai ciwo ya tashi. Yana bin bayan majiyyaci da yatsa har ya sami wurin da ke sa shi zabura, ya soka allura ciwon da aka saba ya taso, ya zuba maganin kashe zafi ciwon ya ɗauke. Da haka ya zana taswirar yadda ciwon jijiyar ƙugu ke sauka cinya da ƙwauri har yatsun ƙafa. A 1955 ya wallafa gwajin da ya yi a kan zomaye, inda ya nuna jijiyar da aka yi wa allura ta fi 'yar'uwarta kauri. Littafinsa ya fito a 1956, kuma a bugun 1958 ya ce cikin majiyyata sama da 1,600 da ya yi wa aikin, kashi 82 cikin 100 sun ɗauki kansu a matsayin waɗanda suka warke.

Adadin yana da daɗin ji, amma shi ya yi allurar, shi ya tambaya, shi ya ƙirga, kuma babu wani rukuni da aka bari ba allura don a kwatanta. Ciwon baya kuwa yana zuwa yana tafiya da kansa. Wannan rauni ya bi furoloterafi har yau.

Zamanin ma bai zo masa da sauƙi ba. Tun 1934 William Mixter da Joseph Barr na Boston suka nuna cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya kan fashe ya danne jijiya, kuma fiɗa na gyara shi, sai hankalin likitoci ya koma can kacokan. A 1949 aka bayyana wa duniya abin mamakin da kotizon ke yi wa masu amosanin gaɓɓai, a 1951 kuma Joseph Hollander ya fara zuba ɗan'uwan kotizon ɗin cikin gaɓa. Duniya na murnar samun abin kashe kumburi, ga wani a Ohayo yana cewa a tayar da shi. Sannan sai masifa ta auku. A 1959 JAMA ta ba da rahoton mutuwar wata majiyyaciya bayan irin wannan allura kusa da ƙashin baya, a 1960 da 1961 kuma aka samu rahotannin shanyewar ƙafafu. Sinadarai masu zafi ne suka kutsa inda laka take. Manyan asibitoci suka juya wa hanyar baya, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Wanda ya hana ta mutuwa shi ne Gustav Hemwall na yankin Shikago, wanda ya haɗu da Hackett a taron likitoci a 1955 ya zama almajirinsa. Babban abin da ya yi shi ne sauya ruwan allurar. Ya karkata ga dekstiros, wato sikarin nan da ake sa wa marar lafiya a ƙarin ruwa, sai dai mai kauri, galibi kashi 12.5 zuwa 25 cikin 100. A wannan kauri yana zuƙe ruwa daga ƙwayoyin naman wurin ya jawo ɗan kumburi, daga baya jiki ya sha shi. A 1969, shekarar da Hackett ya rasu, aka kafa gidauniya mai ɗauke da sunayensu, wadda ta riƙa kai likitoci ƙasar Honduras suna yi wa talakawa aiki suna koya wa juna. Cikin waɗanda Hemwall ya yi wa allura har da C. Everett Koop, wanda daga baya ya zama Babban Likitan Amurka a shekarun 1980, ya kuma fito fili ya yabi hanyar. Shaidarsa ta jawo mata jama'a, amma shaidar mutum ɗaya ce komai girman kujerarsa.

Gwaji na gaskiya ya zo a makare. A 1983 masu bincike a Jami'ar Iowa suka tabbatar da cewa sinadarin man hantar kifi na ƙara wa jijiyar gwiwar zomo kauri da ƙarfi. A 1987 mujallar Lancet ta wallafa aikin Milne Ongley, ɗan ƙasar Niyu Zilan, da abokansa a Kalifoniya, a kan mutum 81 masu tsohon ciwon baya. Bayan wata 6, mutum 35 cikin 40 da aka yi wa cikakken aikin sun samu sauƙi fiye da rabi, a ɗaya ɓangaren kuwa 16 cikin 41. Magoya baya suka yi ta shela. Amma rukunin farko ba allurar kaɗai aka yi musu ba, an murɗa musu baya da ƙarfi, an kuma haɗa musu da allurar dangin kotizon, don haka ba a san wanne ya yi aikin ba. A 2004 Michael Yelland na Ostireliya ya raba gardamar da mutum 110 da suka yi kimanin shekara 14 suna fama. Wasu aka yi musu ruwan sikari, wasu ruwan gishiri zalla. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 na masu sikari ciwonsu ya ragu da rabi, na masu gishiri kashi 36, tazarar da ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Abin lura shi ne duka ɓangarorin biyu sun ji sauƙi mai ɗorewa, wanda ya tayar da tambayar ko sukar allurar kanta ce maganin, ko kulawar da aka ba su. Cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 5 masu mutum 366 a 2007, ta ce furoloterafi ita kaɗai ba ta maganin tsohon ciwon baya. Tun 1999 ma hukumar inshorar lafiyar tsofaffi ta Amurka, Medicare, ta tsaya kan cewa ba za ta biya kuɗinta ba.

Ke nan a wurin da Hackett ya fi bugun ƙirji, nan hujja ta fi rauni. Inda ta fi ƙarfi kuwa shi ne gwiwar da guringuntsinta ya zaizaye. A 2013 David Rabago na Jami'ar Wisconsin ya raba mutum 90 gida uku. Bayan mako 52, a ma'auni mai maki 100 na ciwo da sanƙarewa da iya zirga-zirga, masu ruwan sikari sun ƙaru da maki 15, masu ruwan gishiri da masu motsa jiki a gida kuwa wajen 8. A 2020 Regina Sit ta Hong Kong ta samu sakamako mai kama da wannan a kan mutum 76, ita kuma cikin gaɓar kawai ta zuba, ba ta taɓa jijiyoyin waje ba. Akwai ƙananan gwaje-gwaje masu ƙarfafa gwiwa a kan ciwon gwiwar hannu, da na agara, da wanda Gastón Topol ya yi a Ajantina a 2011 kan ciwon ƙasan gwiwa na yara 'yan wasa. A gefe guda kuma farin jinin kotizon ya ragu, domin wani bincike na 2017 ya nuna cewa maimaita shi a gwiwa duk wata 3 har shekara 2 ya ƙara cinye guringuntsi ba tare da ya fi ruwan gishiri rage ciwo ba.

Hatta bayanin yadda allurar ke aiki ya sauya. John Lyftogt na Niyu Zilan ya riƙa zuba sikari marar kauri, kashi 5 kacal, a ƙarƙashin fata kusa da jijiyoyin jin zafi, majiyyata suka ce ciwon ya lafa nan take. Wannan ruwa bai isa ya tayar da kumburi ba, balle ya ƙara wa jijiya kauri cikin mintoci. In abin ya tabbata, to sikarin yana kwantar da jijiyar jin zafi ne kai tsaye, kuma wani ɓangare na abin da Hackett ya gani ba ta hanyar da ya zata ya faru ba.

Yau ana yin allurar sau 3 zuwa 6, da tazarar makonni a tsakani, wasu da taimakon na'urar hoton cikin jiki. Wurin kan yi tsami na kwanaki, kuma ana hana majiyyaci shan irin su ibufurofen don kada su kashe kumburin da aka nema. Haɗarin ya ragu sosai da ruwan sikari, amma tsinin allura bai daina zama tsini ba: kusa da haƙarƙari yana iya huda huhu, kusa da ƙashin baya yana iya taɓa rigar laka. Araharta kada ta ruɗi kowa, aiki ne na likitan da ya san jiki ciki da waje, ba na mai kemis ba.

A 2019 ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da ita a gwiwa da kwatangwalo, bisa dalilin cewa gwaje-gwajen 'yan kaɗan ne, ƙanana, kuma kowa da irin haɗinsa. Ina ganin gaskiyarsu, amma abin yana ci mini rai, domin mai ciwon gwiwa ya cancanci amsa tabbatacciya. Gwaji mai dubban mutane yana cin kuɗi masu yawa, kuma kamfanonin magani ne suka saba biya, su kuwa ba su da riba a ruwan sikarin da babu mai ikon mallakarsa. Hankalin 'yan kasuwa ya koma kan ƙannenta masu tsada, wato allurar da ake tacewa daga jinin majiyyaci da ta ƙwayoyin ɓargo, waɗanda suka gaji tunanin Hackett da wuraren da yake sokawa, kuma ita waccan ƙungiya ta yi watsi da su a gwiwa da kwatangwalo da kakkausar murya fiye da yadda ta yi wa ruwan sikari.