Tsofaffin Mashayun Landan da Tarihin da Ke Cikinsu

 A wannan makon za mu leƙa birnin Landan, mu duba tsofaffin mashayunsa. Giya ba abin sha'awarmu ba ce, kowa ya san matsayinta a wurinmu. Ginin ne ya kai mu, domin tsarinsa na nuna yadda mutanen wancan zamani suka zauna da juna.

A shekarar 1666 gobara ta cinye mafi yawan tsohon birnin. Mashayar Ye Olde Cheshire Cheese da ke wani lungu a gefen titin Fleet, titin 'yan jarida na da, an sake gina ta a 1667, kuma tana nan har yau da ƙananan ɗakunanta masu duhu. A nan ne mawaƙi W. B. Yeats da abokansa suka riƙa haɗuwa daga 1890, suna karanta wa juna waƙoƙinsu, kamar dai yadda muke yi a zaman ƙungiya. Sun fitar da kundin waƙoƙi biyu, a 1892 da 1894.

A 1830 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta sauƙaƙa samun lasisin sayar da giya, sai gidajen sha suka yawaita, gasa ta yi zafi. Don jawo mutane, masu mashayu suka shiga ƙawata su da manyan madubai, gilasai masu zane, katako sassaƙaƙƙe da fitilun gas. Mashayar Princess Louise, wadda aka ƙawata cikinta a 1891, tana cikin waɗanda suka rage da wannan ado.

Abin lura shi ne yadda aka kasa ɗaki ɗaya gida-gida. Leburori suna da sashensu mai benci, giyar ma ta fi araha a can. Akawu da ɗan kasuwa suna da nasu mai kujerun laushi, da kuɗi kaɗan a sama. Har ƙananan tagogin gilashi ake sa wa a kan kanta don mai hali ya sha ba tare da talaka ya ga fuskarsa ba.

Daga shekarun 1960 kamfanoni suka riƙa cire waɗannan shingaye don faɗaɗa wuri, kaɗan ne suka tsira. A 2015, da wani kamfani ya rushe mashayar Carlton Tavern ba da izini ba, hukumar yankin Westminster ta tilasta masa ya sake gina ta yadda take. An buɗe ta a 2021.

Darasinmu a nan shi ne, sau da yawa mukan rubuta "suka shiga wani katafaren falo" mu wuce. Ba mu faɗi wanda ya zauna a kujera da wanda ya tsaya a bakin ƙofa ba, alhali a nan matsayin kowa yake bayyana. Soron gidan kakanninmu ma haka yake, akwai inda baƙo ke tsayawa, akwai inda ba ya wucewa, ga shi kuma ana ta rushe su ana gina shaguna. Kafin mako mai zuwa, kowa ya zaɓi tsohon gini ɗaya a unguwarsu, ya tambayi dattawa, ya rubuto mana sakin layi biyu a kansa.

Allah Ya ƙara basira.