Mahaɗin Sarƙa: Zamani Uku na Keke a Nima

Wata Litinin da asuba, ina sauri zuwa gidan rediyo domin shirin ƙarfe shida, na danna feda da ƙarfi a wani hawa tsakanin Maamobi da Nima, sai sarƙar kekena ta tsinke. Gwiwata ta daki ƙarfe, na kurje hannu, abokin aikina ne ya buɗe shirin ranar. Kwana uku kacal kafin nan wani yaro ya haɗa mini sarƙar da ƙusa da guduma.

Da yamma na tura keken wurin wani dattijo da muke kira Baba mai keke, wanda tun ina firamare nake ganinsa a rumfa guda. Ya duba inda ta ɓalle, ya ce, "Ɗana, wanda ya yi maka aikin nan bai yi ha'inci ba. Aikin zamanin da ya yi wa keken zamanin yanzu." Wannan magana ce ta sa na dawo da rakoda washegari.

Nima ta kafu ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Waɗanda suka cika unguwar daga baya yawancinsu daga arewa suka zo: Tamale, Bawku, Sakkwato, Kano, ƙasar Zabarma da ta Mosi. A can keke abin hawan magidanci ne, kuma da wannan ɗabi'a suka sauka Ankara. Wani bincike da Grieco da Turner da Kwakye suka wallafa a 1994 ya kwatanta Nima da Jamestown, ya nuna mutanen Nima sun fi karɓar keke nesa ba kusa ba. Inda mahaya suke da yawa kuwa, dole a sami masu gyara.

Ita sarƙar kanta ta girmi unguwarmu. Hans Renold ne ya yi rajistar irin wadda muke amfani da ita a Manchester ta Ingila a 1880, sannan a 1885 John Kemp Starley ya fitar da keken Rover mai sarƙa zuwa tayar baya. Daga baya tazarar ƙusa zuwa ƙusa ta zauna a rabin inci. Faɗin sarƙar ne ya yi ta sauyawa, da yadda ake haɗa bakinta biyu.

Baba ya kasa mini tarihin gida uku. Na farko zamanin Raleigh ta Nottingham, da Phoenix ta Shanghai da ta biyo baya. Kekuna ne marasa giya, sarƙarsu mai faɗi, kuma tana da mahaɗi guda mai ɗan makulli kamar tsinken gashi. Da filaya ake zare shi, a mayar. Darasin farko da maigidansa ya koya masa shi ne rufaffen kan makullin ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya, in ba haka ba wata rana zai fice a hanya.

Na biyu zamanin babu. A 1983 fari da gobarar daji suka cinye amfanin gona, Najeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, kantuna suka zama wayam. Sabuwar sarƙa ta gagara, balle mahaɗi. Sai masu gyara suka koma ɗora sarƙa a kan noti, su buga ƙusarta ta fita ta ramin notin, su yanko lafiyayyen yanki daga wata matacciyar sarƙa, su haɗa, su daddaki kan ƙusar ya baje. Baba ya ce akwai sarƙar da ya haɗa daga gawa huɗu, mai ita ya shekara yana kai burodi da ita. Dabarar ta yi aiki saboda ƙarfen mai kauri ne, ƙusar kuma tana da tsawon da za a daka.

Na uku shi ne namu. Keken hawan dutse ya samo asali a gundumar Marin ta Kalifoniya a shekarun 1970, daga baya kuma kwantenoni suka riƙa sauke na hannu a tashar jiragen ruwa ta Tema. Da giya ta ƙaru zuwa tara, goma, har sha biyu, sai sarƙa ta sirance, kan ƙusa ya daidaita da jikin ƙarfe. In aka turo irin wannan ƙusa waje, bakinta ya gutsure, ramin ya buɗe, ko an mayar ba ta riƙewa. Shi ya sa Shimano ke sayar da ƙusar haɗi ta musamman mai dogon hanci, a tura ta da abin matse sarƙa, a karye hancin. KMC da SRAM kuwa mahaɗi mai ɓari biyu suke yi: a saƙala, a riƙe birki, a taka feda, ya kulle. Sharaɗinsa ɗaya, ya dace da yawan giyar keken.

Irinsa Baba ya ciro daga gwangwanin madara ya sa mini, cikin minti biyu. Na tambaye shi ko bai ji haushi ba, abin da ya shekara yana koyo ya koma aikin minti biyu. Ya ce, "Zamani riga ne, ɗana. Haushina yaran nan ne da suka gaji gudumar ba su gaji dalilinta ba."

A makarantar koyon aikin jarida an koya mana neman tarihi wurin sarakuna da malamai, kuma na Zango an rubuta kaɗan daga nasu. Na masu faci da gyaran keke yana bakin mutane irin Baba, yawancin yaran da suka koya wa aiki kuma sun koma gyaran babur. Hirarmu ta minti arba'in tana wayata, na kuma ajiye tsinkakkiyar sarƙar. Ranar Asabar zan koma, ya yi mini alkawarin labarin yadda ake ɗaure waya a gyara tanƙwararriyar ƙafar keke.