Fallasa Bayanan Sirri: Haɗarin da Ke Fuskantar Editocin Wikipedia

Wikipedia, kundin ilimi na intanet da aka kafa a shekarar 2001, ya dogara ne da 'yan sa-kai, waɗanda da yawansu ke rubutu da sunan aro. Fallasa ita ce a bankaɗo ainihin sunan edita, ko gidansa, ko wurin aikinsa, a watsa ba da yardarsa ba, domin a tsorata shi ko a jawo masa hukunci.

Tushen haɗarin yana cikin tsarin kundin kansa. Duk gyaran da aka yi ana adana shi a bainar jama'a, tare da sunan mai gyaran da rana da sa'a. Mai neman tona asiri yakan tattara waɗannan sawaye: batutuwan da edita ya fi taɓawa, lokutan da yake rubutu, hotunan unguwarsa da ya ɗora, da sunan aron da ya maimaita a Facebook. Shekara da shekaru kuma, wanda ya yi gyara ba tare da buɗe asusu ba, lambar IP ɗinsa ce ke bayyana, wadda kan nuna gari ko ofishin da ya rubuto daga ciki.

Abin da kan biyo baya ba ƙarami ba ne. A watan Maris na 2022 hukumomin Belarus suka kama Mark Bernstein, editan Wikipedia ta Rashanci, bayan an wallafa bayanansa a Telegram kan zargin rubuce-rubuce game da yaƙin Yukiren. Daga bisani kotu ta taƙaita masa walwala na shekara 3. A Faransa, a 2013, jami'an leƙen asirin cikin gida suka tilasta wa wani ɗan sa-kai goge maƙala kan tashar sadarwar soja ta Pierre-sur-Haute, alhali ba shi ya rubuta ta ba. A Indiya kuwa, a 2024, Babbar Kotun Delhi ta umarci Gidauniyar Wikimedia ta bayar da bayanan editoci 3 a ƙarar ɓata suna da kamfanin dillancin labarai na ANI ya shigar.

Dokar Wikipedia ta haramta tona asirin edita, kuma wanda ya aikata ana iya toshe asusunsa. Akwai editoci ƙalilan masu ikon ɓoye bayanan sirri daga tarihin shafi. Gidauniyar takan share bayanan IP na masu asusu bayan kwana 90, kuma a 2025 ta faɗaɗa tsarin asusun wucin gadi domin rufe lambar marasa asusu.

Sai dai ikon Wikipedia bai wuce shafukanta ba. Abin da ya riga ya bazu a waje ba ya dawowa. Shi ya sa rigakafin yake hannun edita tun ranar farko: sunan aro da bai yi amfani da shi a ko'ina ba, imel na daban, da kauce wa yin gyara daga kwamfutar ofis.