Jigo a Lambunan Birnin Kano

Jigo doguwar sanda ce da ake ɗorawa a kan itacen da aka gitta tsakanin gwafanni biyu a bakin rafi ko rijiya, a ɗaura guga ko ƙwarya da igiya a dogon gefenta, a manna curin laka ko dutse a gajeren gefen, ta yadda nauyin lakar ne ke ɗago ruwa, mai lambu kuwa aikinsa ya janyo igiya ƙasa har guga ya nutse. 

Kayan aikin daɗaɗɗe ne, domin akwai zanensa a kabarin Ipuy da ke Deir el-Medina a Masar tun ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa, Larabawa kuma suna kiransa shaduf. Abin da ya ba shi gurbi a Kano shi ne tsarin birnin kansa, saboda ganuwar da Kundin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ya soma, Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuma ya faɗaɗa, ta kewaye gonaki da kududdufai da fadamar Jakara tare da gidaje, don mazauna su iya ciyar da kansu idan yaƙi ya sa an rufe ƙofofi. A irin waɗannan wurare ne a dā masu noman rani suke juye ruwan jigo cikin 'yar magudana, yaro ya bi da fartanya yana buɗe wa kowane fangali, wato ƙaramin fegin shuka mai kewaye da kunya, ya toshe shi da laka idan ya ƙoshi, sannan ya wuce na gaba. Albasa da alkama da alayyafo sun daɗe suna samun ruwa ta haka, ko da yake jigo ba ya ɗaga ruwa fiye da 'yan mitoci, kuma filin da mutum ɗaya zai iya shayarwa ƙanƙane ne.

Wannan ƙarancin ne ya kayar da shi. Bayan kammala madatsar Tiga a 1974 manyan ayyukan ban ruwa sun koma Kadawa da kewaye, daga shekarun 1980 kuma hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano (KNARDA) ta yaɗa ƙananan injinan fetur, shirin Fadama na shekarun 1990 ya ƙara yawansu. Cikin birni gine-gine sun cinye filayen lambu, Jakara ta zama magudanar ruwan datti. Duk da haka jigo ya fi inji da abu ɗaya mai muhimmanci ga talaka: manomi da hannunsa yake haɗa shi daga itace da laka, ba ya kuma neman kuɗin mai ko makaniki.